Jami'ar Marshall ta Amurka: kakar wasa ta 1970 da abin da ya biyo bayanta

A wannan karo mun ƙetara teku zuwa Amurka, domin kawo muku tarihin wata ƙungiyar ƙwallo ta ɗaliban jami'a wadda ta soma kakar wasanta ta 1970 kamar kowa, amma ba ta ƙarasa ba. Ƙungiyar ita ce ta Jami'ar Marshall da ke garin Huntington, cikin jahar Virginia ta Yamma. Ranar 14 ga watan Nuwamba na wannan shekara, jirgin saman da ya ɗauko ta daga wajen wasa ya faɗi gab da sauka, mutum 75 da ke ciki duk suka rasu. Har yau shi ne haɗarin jirgi mafi muni da ya taɓa samun wata ƙungiyar wasa a Amurka. Mun tattaro muku yadda kakar ta gudana, abin da ya faru a daren, da kuma yadda gari da makaranta suka sake tashi.

Wane irin wasa ne wannan?

Da farko dai kada a ɗauka tamolar da muka sani ce. Ƙwallon Amurka da hannu ake yin mafi yawansa. Ƙwallon kanta doguwa ce, mai tsini gefe biyu kamar ƙwallon goruba da aka ja. Kowane ɓangare yana da mutum 11 cikin fili, sanye da hular kwano da matasai a kafaɗu, saboda kayar da mai riƙe da ƙwallo halas ne a wasan. Tsawon fili yadi 100 ne, wato kusan mita 91, sannan a kowane ƙarshe akwai gida mai yadi 10.

Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci gaba da yadi 10, walau da gudu walau da jifa. In ta cimma, a sake ba ta huɗu. In ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga gidan abokan hamayya da ƙwallo ya samo maki 6, kana a ba su damar ƙara 1 ko 2. Wanda ya buga ta da ƙafa ta bi tsakanin dogayen sanduna biyu ya samo maki 3. Shi ya sa za ku ji sakamako irin 17 da 14. Wasan kashi huɗu ne, kowane minti 15. Wanda ke jagorantar hari, mai karɓar ƙwallo ya rarraba ta, shi za mu riƙa kira madugu a nan.

Abu na biyu: a Amurka wasan jami'o'i ba na wasa ba ne. Kaka tana somawa cikin Satumba, a lokacin kuwa cikin Nuwamba take ƙarewa, wasa ɗaya kowace Asabar, kamar guda goma a shekara. Ƴan wasan ɗalibai ne. A wancan zamani ba a biyan su albashi, abin da suke samu shi ne karatu da ɗaki da abinci kyauta. Ga yaro ɗan talaka, wannan ita ce ƙofar shiga jami'a. Akwai kuma hukumar da ke sa ido kan wasannin jami'o'i, ana ce mata NCAA.

Marshall da garin Huntington

An kafa makarantar Marshall a 1837, aka sa mata sunan John Marshall, wani tsohon babban alƙalin alƙalai na Amurka. Huntington gari ne a bakin kogin Ohio, inda jahohin Virginia ta Yamma da Ohio da Kentucky suka yi iyaka, gari na masu aikin jirgin ƙasa da gawayin ƙasa da masana'antu. Laƙabin ƙungiyar Thundering Herd, ma'ana garke mai rugugi, alamarta kuwa ɓauna ce, launinta kore da fari. Filin da take karɓar baƙi a lokacin sunansa Fairfield. Garin ba ya da wata babbar ƙungiya ta ƙwararru, don haka ƙungiyar ɗaliban nan ita ce ta kowa: ɗan kasuwa, likita, leburan tasha.

Sai dai kafin 1970 ƙungiyar ta sha wuya. Daga 1966 zuwa 1969 ta buga wasa 27 a jere ba ta ci ko ɗaya ba. A 1969 kuma aka same ta da karya dokoki wajen jawo ƴan wasa, aka dakatar da ita daga rukunin jami'o'in da take ciki, wanda ake kira MAC, aka sauke mai horar da ita. Wani matashi, Rick Tolley, ya karɓi aikin. A shekararsa ta farko ya karya wannan mugun jeri, ya ci wasa 3 cikin 10. Abin da ya sa kenan mutanen gari suka shiga 1970 da sa rai.

Kakar 1970, wasa bayan wasa

Ga yadda wasanni tara da aka samu bugawa suka kasance, makin Marshall ne a farko:

Morehead State: 17 da 7, nasara
Toledo: 3 da 52, rashin nasara
Xavier: 31 da 14, nasara
Miami ta jahar Ohio: 12 da 19, rashin nasara
Louisville: 14 da 16, rashin nasara
Western Michigan: 3 da 34, rashin nasara
Bowling Green: 24 da 26, rashin nasara
Kent State: 20 da 17, nasara
East Carolina: 14 da 17, rashin nasara

Nasara 3, faɗuwa 6. Amma in kuka duba da kyau, sau biyu ne kawai aka yi musu kaca-kaca, ɗaya daga ciki ma a hannun Toledo ne, wadda a shekarun nan ta jera nasara 35 ba wanda ya kayar da ita. Sauran huɗun duk da ɗan ƙaramin rata ne: maki 7, maki 2, maki 2, maki 3. Ƙungiya ce da ta fara samun ƙafa. Madugunta Ted Shoebridge yana cikin waɗanda ake yabo a lokacin. Wasa na goma, da Jami'ar Ohio, shi ne ba a taɓa bugawa ba.

Daren 14 ga Nuwamba

Wasa na tara an yi shi ne ranar Asabar a garin Greenville, jahar Carolina ta Arewa, jahar nan da ƴan uwanmu ƴan Nijar da yawa ke zaune a yau, musamman a Greensboro. Marshall ta saba tafiya da bas, domin mafi yawan abokan karawarta maƙwabta ne. Wannan tafiyar ta yi nisa, sai aka yi shatar jirgi, shi ne kuma kaɗai jirgin da ƙungiyar ta ɗauka a kakar baki ɗaya. Da yake akwai sauran kujeru, manyan magoya bayan ƙungiyar daga cikin gari suka bi ta, wasu da matansu.

Bayan an tashi wasa 17 da 14, suka nufi filin jirgin Kinston, suka shiga jirgi samfurin DC-9 na kamfanin Southern Airways, mai lambar tafiya 932. Tafiyar ba ta kai awa guda cikakka ba. A Huntington ana yayyafi, ga hazo, ga duhu. Filin jirgin garin, Tri-State, a kan tudu yake. Da misalin ƙarfe 7 da minti 36 na dare agogon can, wato wajen ɗaya da rabi na dare agogon Nijar, jirgin ya sauko ƙasa fiye da kima, ya taɓa kawunan itatuwa a kan wani tudu da bai kai kilomita 2 da titin sauka ba, ya kife ya kama da wuta. Ba wanda ya fita.

Cikin mutum 75 ɗin akwai ƴan wasa sama da 35, da Rick Tolley mai shekara 30, da mataimakansa da dama, da shugaban sashen wasanni na jami'ar Charles Kautz, da magoya baya 25, da ma'aikatan jirgi 5. Cikin magoya bayan akwai likitoci, da ɗan majalisar gari, da ɗan majalisar jaha. Yara 70 suka rasa uwa ko uba a daren, 18 daga cikinsu suka rasa duka biyun. Gawawwakin ƴan wasa shida ba a iya tantance su ba, aka rufe su wuri guda a maƙabartar Spring Hill, kan tudun da ke kallon jami'ar.

Waɗanda suka tsira, rashin shiga jirgin ne ya tsirar da su. Wasu ƴan wasa suna jinyar rauni aka bar su gida, cikinsu har da Nate Ruffin, ɗaya daga cikin kyaftin-kyaftin na ƙungiyar. Ɗaliban shekarar farko ma ba su je ba, domin dokar lokacin ta hana su buga wa babbar ƙungiya. Mataimakin mai horarwa Red Dawson kuwa da mota ya kamo hanya, saboda zai biya neman sabon ɗan wasa, a hanya ya ji labari.

Abin da ya ƙara wa Amurkawa firgita shi ne, makonni shida kafin nan, ranar 2 ga Oktoba, wani jirgin da ke ɗauke da ƙungiyar Jami'ar Wichita State ya faɗi a duwatsun Colorado, mutum 31 suka rasu.

Mi bincike ya gano?

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta fitar da rahotonta a 1972. Ta ce jirgin ya sauko ƙasa da iyakar da doka ta yarda a sauko alhali matuƙa ba su hango titin sauka ba. Dalili biyu ta kawo da ka iya jawo haka: ko matuƙan ba su yi aiki daidai da abin da na'urorin gabansu ke nunawa ba, ko kuma na'urar auna nisan jirgi da ƙasa ce ta ba su lissafin da ba daidai ba. Filin jirgin kansa a lokacin ba ya da na'urar da ke jagorantar jirgi kan gangaren sauka. Cikin shawarwarin da hukumar ta bayar akwai sa wa jirage na'urar da ke yin ƙara in sun kusanci ƙasa ba bisa ƙa'ida ba. Irin wannan na'ura ta zama dole a manyan jiragen fasinja na Amurka cikin shekarun 1970.

A rufe, ko a ci gaba?

Garin ya yi kwanaki yana jana'iza. Makarantu da shaguna suka rufe. Asabar ɗin da ya kamata a kara da Jami'ar Ohio, addu'a aka taru aka yi a filin Fairfield.

Daga nan sai tambaya mai nauyi ta taso. Wasu na ganin a haƙura da wasan kwata-kwata: ba ƴan wasa, ba masu horarwa, ba kuɗi, kuma duk Asabar ɗin da aka buɗe fili za a fama wa iyalai ciwo ne. Wasu kuma, musamman ɗalibai da ƴan wasan da suka rage, suna ganin rufewa tamkar an sake binne mamatan ne. Muƙaddashin shugaban jami'ar, Donald Dedmon, da hukumar makaranta suka tsaya kan a ci gaba.

Samun mai horarwa ma sai da aka sha fama. Wanda aka fara ba aikin ya karɓa, bayan ƴan kwanaki ya janye. A watan Maris na 1971 aka ɗauko Jack Lengyel daga wata ƙaramar kwaleji mai suna Wooster a jahar Ohio. Red Dawson ya yarda ya tsaya ya taimaka masa na shekara guda. Hukumar NCAA ta yi wa Marshall sassauci na musamman, ta ba ta izinin sa ɗaliban shekarar farko cikin babbar ƙungiya. Duk da haka mutane ba su isa ba, sai aka shiga neman duk mai ƙarfi a jika cikin makaranta, har da ƴan ƙwallon kwando da waɗanda ba su taɓa buga wasan a gasa ba. Lengyel ya sa musu suna Young Thundering Herd, wato ƙaramin garke.

Akwai wani karamci da ake yawan ambato. Da yake yaran ƙanana ne, ba su da nauyin ture manya, Lengyel ya nemi salon wasa da ya dogara da sauri da dabara. Bobby Bowden, mai horar da Jami'ar Virginia ta Yamma, wadda kishiyar Marshall ce a jahar, ya buɗe masa ƙofa, ya bar shi da mataimakansa suka kalli finafinan wasanninsa suka koyi salon.

Kakar 1971

Wasan farko a gidan Morehead State aka yi, aka ci su 29 da 6. Na biyu shi ne na farko a gida tun bayan haɗarin, ranar Asabar 25 ga Satumba 1971, da Jami'ar Xavier. Dubban mutane suka cika Fairfield, har da gwamnan jaha. Ana gab da tashi Xavier na gaba 13 da 9. A damar ƙarshe, agogo na ƙarewa, madugu Reggie Oliver ya jefa wa Terry Gardner, ɗalibin shekarar farko, shi kuma ya ruga yadi 13 ya shiga gida. Aka tashi 15 da 13. Jama'a suka kwararo cikin fili, da yawa suna kuka, aka daɗe ba a watse ba.

Kada mu ƙawata labari fiye da yadda yake. Mako guda bayan wannan, Miami ta Ohio ta lallasa su 66 da 6. Nasara ɗaya kawai suka ƙara a shekarar, 12 da 10 a kan Bowling Green. Suka gama da nasara 2, faɗuwa 8. Lengyel ya yi shekara huɗu, ya ci wasa 9, aka ci shi 33. Red Dawson ya bar aikin horarwa bayan kakar 1971, bai sake komawa ba.

Dogon jira

Duk shekarun 1970 Marshall ba ta ga kakar da nasara ta fi faɗuwa yawa ba. Sai a 1984, shekara 14 bayan haɗarin, ta gama da 6 da 5. Mahaƙurci mawadaci. A 1991 ta koma sabon fili. A 1992 ta ɗauki kofin ƙasa na rukuni na biyu na manyan jami'o'i, bayan ta ci Youngstown State 31 da 28 a Huntington. Ta sake ɗauka a 1996, inda ta ci wasanninta 15 duka, da ɗan wasan nan Randy Moss wanda daga baya ya yi suna a gasar ƙwararru ta NFL. A 1997 ta hau rukuni na ɗaya, ta koma cikin MAC ɗin da aka kore ta. A 1999, da madugu Chad Pennington, ta ci 13 ba faɗuwa, aka sa ta ta goma a duk faɗin Amurka.

A ƙarshen kakar 2001 kuma ta haɗu da East Carolina, wadda ta buga wasan ƙarshe da mamatan. An je hutun rabin lokaci Marshall na baya 38 da 8, amma ta farfaɗo ta ci 64 da 61 bayan ƙarin lokaci.

Mu nan Afirka mun san irin wannan ciwo. Ranar 27 ga Afrilu 1993 jirgin ƙungiyar ƙasar Zambiya ya faɗa teku kusa da Libreville, mutum 30 suka rasu. Sabuwar ƙungiyar da aka haɗa ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka a 1994, Najeriya ta ci ta 2 da 1, kana a 2012 Zambiya ta ɗauki kofin a Libreville ɗin dai, a gasar da Mena ta fara halarta. Wanda ya tuna wannan zai gane abin da mutanen Huntington ke ji.

Yadda ake tunawa da su

A tsakiyar jami'ar akwai wani maɓulɓular ruwa ta ƙarfe da mai sassaƙa Harry Bertoia ya ƙera, aka ƙaddamar da ita ranar 12 ga Nuwamba 1972. Kowace shekara ranar 14 ga Nuwamba ake taruwa a gabanta, a karanta sunayen mutum 75 ɗaya bayan ɗaya, a ajiye fure da sunan kowa, sannan a kashe ruwan. Ba a sake kunna shi sai sanyi ya wuce, lokacin da ƙungiya ke komawa atisaye. Masu horarwa kan kai sabbin ƴan wasa maƙabartar Spring Hill, su ga kaburburan nan shida da ba suna a kansu. Nate Ruffin, wanda rauni ya hana shi shiga jirgin, ya yi sauran rayuwarsa yana halartar wannan taro. Da ya rasu a 2001, kusa da abokan nasa aka rufe shi.

A 2006 aka yi fim kan labarin mai suna We Are Marshall, inda Matthew McConaughey ya fito a matsayin Jack Lengyel. Mai son kallo ya sani, fim ne: ginshiƙin labarin gaskiya ne, amma an ƙirƙiri wasu mutane an kuma sauya wasu abubuwa, har da yadda aka ci wasan Xavier.

A taƙaice, ga abin riƙewa: kakar 1970, wasa 9, nasara 3, faɗuwa 6, wasa ɗaya ba a buga ba, rayuka 75. Kakar 1971, wasa 10, nasara 2. Ƴan uwanmu da ke Amurka, duk wanda ya ga ƙungiya mai koren riga a talabijin cikin watan Nuwamba da lamba 75 a jikin hular kwanonta, to ga mafarin abin. Na gida kuma, in an ce maku wasan da ake yi da hular kwano, yanzu kun san yadda ake ƙirga makinsa. Allah Ya kiyaye matafiya na sama da na ƙasa, Ya kai kowa gida lafiya.